Shagon gyaran kwamfuta a Wunti da ya raba mini gardama tsakanin CorelDRAW biyu

Shekara da shekaru ina sana'ar zane da ɗab'i a cikin garin Bauchi, kuma mafi yawan abin da ke fita daga shagona katin ɗaurin aure ne, da kalandar biki, da takardun shaidar saukar Alƙur'ani na makarantun Islamiyya, sai kuma sitika da allunan talla. Duk wannan aiki a kan kwamfuta ɗaya yake gudana, mai ɗauke da Windows 10, wadda ni da yara biyu da nake koya wa sana'ar muke karɓa-karɓa a kanta. A watan jiya na kai ta wani shagon gyara da ke wajen Wunti saboda wata matsala da ido ba ya gani, domin kwamfutar ba ta mutu ba, ba ta yi nauyi ba, ba ta kuma kamu da wata cuta ba. Fayilolina ne kawai suke buɗewa a inda ban aike su ba. Abin da na tarar a shagon, mai daɗi da marar daɗi, shi zan bayyana a nan, domin na san akwai abokan sana'a da dama, daga Bakin Kura har Gwallameji, da ke fama da irin wannan damuwa, suna ɗaukarta kamar ƙaddarar da ba ta da magani.

Sigar CorelDRAW, manhajar zanen da nake aiki da ita, biyu ce a kan kwamfutata, kuma kowace da dalilin zamanta. X3, wadda ta fito a 2006, ita na fara sana'a da ita, ita ce ƙaramar manhajar injin yanka sitikata ta sani, kuma ita ce a kan kwamfutar maɗaba'ar da nake kai wa manyan ayyuka idan adadin ya fi ƙarfin injina. X7 kuwa, ta 2014, na ɗora ta ne daga baya saboda abu biyu. Na farko, ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya sukan zo mini da zane a filas wanda X3 ba ta iya buɗewa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a gare ni, rubutun Larabci: tun daga X6 manhajar ta koyi jera haruffan Larabci daga dama zuwa hagu tana haɗa su yadda ya kamata, alhali a X3 sai an yi ta dabaru kafin a samu aya ɗaya ta zauna daidai a saman takardar shaida. Saboda haka ba zan iya rabuwa da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tun ranar da na ɗora X7, duk fayil ɗin zane na CorelDRAW, wato mai wutsiyar .cdr a ƙarshen sunansa, da aka danna sau biyu a cikinta yake buɗewa, ko da kuwa zanen shekara goma ne da aka yi shi da X3. Ni da na san da haka nakan fara buɗe X3 da hannuna sannan in jawo fayil ɗin daga ciki, amma yaran shago ba kullum suke tunawa ba. Wata Alhamis ƙaramin cikinsu ya buɗe zanen takardar shaida na wata Islamiyya da muke sauya wa sunayen ɗalibai duk shekara, ya shigar da sababbin sunaye, ya adana, ya kwafa a filas, ya hau Keke Napep zuwa maɗaba'a. Can aka ce masa fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Ya dawo, na sake tura shi da wani kwafin, shi ma ya ƙi, kafin in gane cewa adanawar da ya yi a X7 ta mayar da zanen sabon zubi wanda tsohuwar manhajar ba ta sani ba. Walimar saukar ranar Asabar ce, kuma wunin nan gaba ɗaya a zirga-zirga ya tafi. Mun fitar da aikin a kan lokaci da ikon Allah, amma na ƙudura a raina cewa ba zan sake barin lamarin haka ba.

Da farko na gwada da kaina. Na danna ɓangaren dama na linzami a kan fayil, na shiga inda aka rubuta Open with, na bi hanya har cikin foldar X3, na zaɓi fayil ɗin da ke tayar da ita, na kuma sa alamar cewa a riƙa amfani da shi kullum. Da na danna zanen sau biyu, sai X7 ta sake buɗewa kamar ban yi komai ba. Na maimaita sau uku, sakamakon bai sauya ba, sai ma ƙananan hotunan zane da ke bayyana a kan kowane fayil suka ɓace. Wani mai gyara da na fara kira ya duba na minti kaɗan ya ce Windows ɗin ce ta lalace, maganinta a yi wa kwamfutar fomatin a sake ɗora komai. Na san abin da wannan ke nufi: kwana biyu ba aiki, da neman faifan injin yanka sitika, da sake tattara ɗaruruwan nau'o'in haruffa da na tara a tsawon shekaru, sannan a ƙarshe idan aka sake ɗora manhajojin biyu a koma gidan jiya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, don haka na ce masa zan yi shawara.

Wani abokina mai shagon buga takardu a Yelwa ne ya kwatanta mini wannan shago na Wunti. Yana hawa na biyu a wani jerin shaguna da ake sayar da kayan waya a ƙasansu, ɗaki ne guda mai tebur uku, da benci ɗaya na baƙi, da kanta cike da kwamfutocin tafi-da-gidanka kowace an manna mata takarda mai ɗauke da ranar da aka kawo ta da abin da ke damunta. Mai shagon matashi ne da bai wuce sa'ar ƙanena ba, kowa Injiniya yake ce masa, yana da yara biyu da ke taya shi. Na isa wajen ƙarfe goma na safe ɗauke da akwatin kwamfutar, amma ba a taɓa ta ba sai bayan sallar Azahar, kuma zan dawo kan wannan jira daga baya.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai kunna kwamfutar ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya tambayi wace siga na fara ɗorawa, wace ce ta biyo baya, ko ina da faifansu da lambobin lasisinsu idan har ta kama a sake ɗorawa, da kuma abin da na riga na gwada da hannuna. Da na ba shi labarin Open with, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Alhaji, ai ba kuskure kuka yi ba, hanyar da kuka bi daidai ce. Sunansu ne ya zo ɗaya, shi ya sa Windows ba ta bambance su ba." Na ce, "To Injiniya, sai ka nuna mini da idona, don kada gobe in sake ɗauko ta a ka." Ya jawo mini kujera kusa da shi, ya juyo da allon yadda zan gani sosai.

Bayaninsa, kamar yadda na fahimce shi, ga shi. Windows ba ta leƙa cikin fayil don ta san wace manhaja ce ta yi shi. Wutsiyar sunansa kawai take dubawa, wato haruffan da ke bayan ɗigo, irin su.cdr ko .docx ko .pdf, waɗanda ma a ɓoye take barinsu sai mutum ya umarce ta ta nuna. Daga nan sai ta duba wani babban kundi da ake kira rajista, inda aka rubuta cewa wutsiya kaza tana ƙarƙashin nau'i kaza, nau'i kaza kuma ana buɗe shi da umarni kaza. Kowace manhaja idan ana ɗora ta takan rubuta sunanta a wannan kundi, kuma wadda ta zo daga baya takan karɓe wutsiyar daga hannun ta farko. Ya nuna mini cewa a cikin rajistar kowace siga tana da nata suna mai lamba a ƙarshe, 13 ta X3, 17 ta X7, domin ainihin lissafin kamfanin Corel na Kanada ke nan, X3 ita ce siga ta 13, X7 kuma ta 17. Wutsiyar .cdr guda ɗaya ce tak, kuma danna sau biyu ƙofa ɗaya kawai yake iya buɗewa, don haka dole ɗaya ta samu ɗaya ta rasa.

Sai ya zo kan dalilin da ya sa yunƙurina ya ci tura. Fayil ɗin da ke tayar da X3 sunansa CorelDRW.exe, na X7 ma CorelDRW.exe, bambancinsu kawai gidan da kowanne yake zaune: na X3 yana cikin foldar da Windows ke ware wa manhajoji masu bit 32, na X7 kuma yana cikin wata folda mai suna Programs64. Idan mutum ya bi ta Open with ya nuna wa Windows wata manhaja da hannunsa, takan ajiye bayanin a wani reshe na rajista mai suna Applications, kuma da sunan fayil ɗin take ajiyewa, ba da cikakken adireshinsa ba. Da yake akwai reshe mai wannan suna tun tuni, yana nuni zuwa gidan X7, duk lokacin da na zaɓi na X3 sai Windows ta ga suna ne da ta riga ta sani, ta koma ga tsohon adireshin da ke hannunta. Na ga layin da idona, kuma a nan ne abin da ya ɗaure mini kai tsawon watanni ya warware cikin minti biyar.

Kafin ya sauya ko harafi ɗaya ya yi abu biyu da nake ganin su ne ma'aunin mai gyara na ƙwarai. Ya sa Windows ta ajiye madogarar komawa baya, wato ajiyar da za a mayar da ita gare ta idan gyaran ya ɓaci, sannan ya fitar da kwafin rassan rajistar da zai taɓa zuwa ƙananan fayiloli masu wutsiyar .reg, ya zuba su a wata folda da ya raɗa wa suna da ranar aikin. Ya kuma nuna mini wani reshe mai suna UserChoice, inda Windows ke rubuta zaɓin mai kwamfuta game da kowace wutsiya, ya ce wannan ba a taɓa shi da hannu. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, akwai wani dogon layin haruffa da ke rakiyar wannan zaɓi a matsayin hatimi, kuma idan aka sauya zaɓin ba ta hanyar da Windows ta tanada ba, hatimin ba zai dace ba, sai ta watsar da sauyin ta koma ga abin da ta ga dama. An yi haka ne don hana manhajoji ƙwace wutsiyoyi a ɓoye. Ya ce shi ya sa tsofaffin umarnin nan biyu, assoc da ftype, waɗanda masu gyara suka saba da su tun zamanin Windows XP, sau da yawa ba sa yin tasiri yanzu, domin zaɓin da ke cikin UserChoice yana gaba da abin da suke rubutawa.

Abin da ya yi kuwa mai sauƙi ne. Ya bar zaɓin yadda yake, ya je ga adireshin da zaɓin ke nunawa, ya goge hanyar X7 ya rubuta ta X3. Na lura da yadda ya kula da alamun zance guda biyu da ke kewaye da adireshin, da waɗanda ke kewaye da %1 a ƙarshen layin, wanda shi ne gurbin da Windows ke cusa sunan fayil ɗin da aka danna. Ya ce idan aka manta da su, duk fayil mai tazara a sunansa zai ƙi buɗewa, kuma sunayen fayilolina kusan duka irin su "Katin aure Fadaman Mada" ne. Ya rufe rajistar, ya ce in danna zanen da na ga dama. Na danna tsohuwar kalandar wani biki, sai ga X3 ta buɗe.

Amma kafin wannan mun ɗan yi muhawara a kan wace siga ya kamata ta riƙe ƙofar, kuma a nan ne na fi ganin hankalinsa. Ni da farko na fara tunanin a bar X7, tunda tana buɗe tsoho da sabo, a dai ja wa yara kunne. Shi kuma ya ce in duba wane kuskure ne ya fi arha. Idan X3 ce a ƙofa, aka danna sabon fayil, iyakarta ta ce ba ta iya buɗewa, ba a yi asarar komai ba sai daƙiƙa biyar, kuma nan take yaro ya san cewa wannan na X7 ne. Idan kuwa X7 ce a ƙofa, za ta buɗe komai ba tare da ta ce uffan ba, kuma ɓarnar ba za ta bayyana ba sai an isa maɗaba'a. Ya ce, "Alhaji, gara wadda za ta ƙi a gabanku da wadda za ta karɓa ta ba ku kunya a gaban mai aiki." Na yarda da wannan hujja, kuma makonnin da suka biyo baya sun gaskata ta. Ba ina cewa haka ya dace da kowa ba. Wanda duk abokan hulɗarsa sun koma sababbin sigogi, akasin haka ne zai fi masa.

Don kada X7 ta yi nisa, ya ƙara mini wani layi a jerin zaɓin da ke fitowa idan an danna ɓangaren dama na linzami a kan kowane fayil na .cdr. Ya tambaye ni abin da nake so a rubuta, na ce ya sa "Buɗe da X7", ya kuwa rubuta shi da Hausa har da ɗ mai lanƙwasa, kuma haka yake fitowa yanzu a tsakiyar layukan Turanci. Ya kuma nuna wa yaron da ya rako ni wata hanya da ba ta buƙatar taɓa rajista ko kaɗan: a rubuta shell:sendto a akwatin Run na Windows, folda za ta buɗe, a jefa gajeriyar hanyar kowace siga a ciki a ba ta suna bayyananne, daga nan duk fayil ana iya aika shi ga wadda ake so. Wannan dabara ita nake ba duk abokin sana'ar da ke tsoron shiga rajista shawarar ya fara da ita, domin ko an yi kuskure babu abin da zai lalace.

Saura batun zane-zanen da suka riga suka sauya zubi ba da sanina ba. Ya kwafi fayil biyu gefe, ya buɗe kowanne da Notepad, ya gargaɗe mu da kada a kuskura a adana daga nan. Tsohon ya fara da haruffan RIFF, ɗan gaba kaɗan kuma CDRD, wanda ke nuna siga ta 13. Sabon kuwa da PK ya fara. Ya bayyana cewa tun daga X4 ta 2008 aka sauya ginin fayil ɗin gaba ɗaya ya zama ƙunshi irin na zip, ya ma sauya wa kwafin wutsiya zuwa .zip ya buɗe, muka ga ƙananan foldoji a ciki har da ɗan hoton zanen. Ashe ba taurin kai X3 take yi ba, abin da ake miƙa mata ne bai yi kama da abin da ta sani ba ko kaɗan. Wasu zanen mun same su cikin sauƙi, domin CorelDRAW takan ajiye kwafin baya mai farawa da Backup_of duk lokacin da aka adana, kuma waɗanda sau ɗaya kawai aka adana su a X7 kwafinsu na baya yana nan a tsohon zubi. Sauran sai da muka buɗe su a X7 muka sake adanawa, muna zaɓar 13.0 a gurbin siga. Ya ja hankalina cewa rubutun Larabci a mayar da shi zane tukuna da Ctrl da Q kafin a saukar da shi zuwa tsohuwar siga, a kuma ajiye kwafi ɗaya da rubutun ke gyaruwa, sannan a duba launuka masu narkewa cikin juna, domin X7 ta sake fasalinsu kuma ba kullum suke sauka yadda suke ba.

Da yake kwamfutar tana gabansa, na kawo masa kukan Word. Ina da Office 2007 da Office 2016 tare, kuma duk sanda aka buɗe Word na 2007 sai ya tsaya yana wani dogon shiri kafin ya tashi, bayan haka takardu su koma buɗewa a cikinsa. Ya ce wannan sananniyar ɗabi'a ce, Word yakan sake rubuta kansa a rajista idan ya tarar wata siga ta karɓe masa wuri, kuma akwai wani layi mai suna NoReReg da ake ƙarawa don hana shi. Amma bai yi gaggawar ƙarawa ba, sai ya tambaye ni me nake yi da Office 2007. Na ce wani tsohon kundin sunayen ɗalibai ne na wata makaranta da ke kan Access, manhajar adana bayanai ta cikin Office. Ya ce to Access nake buƙata, ba Word ba. Ya shiga wurin sauya abubuwan da aka ɗora, ya cire Word da Excel na 2007 ya bar Access, sannan ya sa Office 2016 ta gyara kanta don ta karɓi wutsiyoyinta. Na ji daɗin cewa bai ɗauki magani ɗaya ya shafa wa kowace cuta ba: inda zama biyu ya zama dole ya shirya su, inda ba dole ba ya sallami ɗaya. Na PDF kuwa, wanda Edge, manhajar shiga intanet ta Windows, ke buɗewa alhali na fi son Adobe Reader, a shafin saituna na Windows ya gyara shi cikin minti ɗaya.

Yanzu ga inda shagon ya gaza. Jiran ya yi yawa, kuma ba yawan aiki ne kaɗai ya jawo shi ba, rashin tsari ne. Babu layi, babu lamba, duk wanda ya shigo da ƙaramar matsala ta waya ko caja sai a ajiye na hannu a saurare shi, kuma Injiniya shi kaɗai ne ke taɓa irin aikina, yaran nasa iyakarsu sauya allo da madannai. Mai sana'a irina da ya rufe shago ya zo, awa uku a kan benci asara ce ta gaske. Da sun ce mini in ajiye in dawo ƙarfe biyu, da na fi gode musu.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Kwamfutata tana da asusun shiga biyu, nawa da na yara, kuma duk gyaran da aka yi a cikin nawa aka yi shi. Rajistar Windows tana da ɓangaren da ya shafi kwamfuta gaba ɗaya da ɓangaren da ya keɓanta ga kowane mai shiga, kuma abin da Injiniya ya taɓa na mai shiga ne. Washegari yaro ya shiga ta nasu asusun, ya danna zane, X7 ta buɗe kamar da. Allah ya sa ina tsaye a kansa. Wanda ya yi mini tambayoyi masu zurfi haka a farko bai kamata wannan ta wuce shi ba, musamman da na gaya masa cewa yara ne suka jawo matsalar tun asali, kuma asusun biyu suna bayyana a allon farko duk sanda aka kunna. Na kira shi, bai yi musu ba, ya ce, "Laifina ne, Alhaji, ku yi haƙuri, ku turo yaro da ita." Ya gyara a ranar bai karɓi ko kwabo ba, amma kuɗin Keke zuwa da dawowa da rabin wuni sun tafi.

Haka kuma ba a ba ni komai a rubuce ba, ko rasit ko bayanin abin da aka sauya. Abin da na kawo a wannan rubutu daga ɗan littafin da na riƙa rubutawa a ciki ne lokacin da yake magana, kuma na san ba kowane mai kawo gyara ne zai yi hakan ba. Gyara irin wannan yana iya warwarewa duk ranar da aka sake ɗora ɗaya daga cikin manhajojin ko aka sa ta gyara kanta, shi da kansa ya faɗa mini haka, don haka rabin shafi mai ɗauke da adireshin da aka sauya da abin da aka rubuta a wurin zai yi wa mai kwamfuta amfani ƙwarai. A zuwa na biyu na roƙe shi ya fitar mini da gyaran a fayil ɗin .reg guda, wanda zan danna idan abin ya koma, ya kuwa yi, amma sai da na nema. Ƙananan hotunan zane da suka ɓace ma ba su dawo ba. Ya ce wani sashe ne daban ke kula da su kuma ba ya so ya taɓa shi cikin gaggawa, na bar shi a kan haka, sai dai har yau da sunaye nake neman zane maimakon da ido.

Kuɗin da ya caje ni bai kai abin da nake karɓa a kan katin aure ɗari ba, kuma ya faɗe shi tun kafin ya fara, bai ƙara komai a kai ba duk da aikin Word da na PDF da suka shigo daga baya. Idan na kwatanta da kwana biyun da fomatin zai ci mini, ba ni da ƙorafi a kan farashi. Wanda matsalarsa ta allo ce ko batir zai samu masu yi da sauri fiye da nan a cikin Wunti ɗin kanta. Amma mai shagon zane, ko mai zanen gine-gine da ke riƙe da AutoCAD biyu, ko ma'aikacin ofis da ke da tsohuwar manhaja da ba zai iya saki ba, wanda ke neman a gano masa ainihin abin da ke faruwa kafin a goge masa komai, wannan shago ya cancanci ya hau benen, da sharaɗin ya tafi da littafi da biro, ya kuma faɗi adadin asusun da ke kan kwamfutarsa tun daga bakin ƙofa.

Kafin in fito a zuwa na biyu ya tuna mini cewa Microsoft ta sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, kuma duk ranar da na koma Windows 11 layin nan na "Buɗe da X7" ba zai fito a jerin farko ba, sai an shiga Show more options ko an riƙe Shift yayin dannawa. Ya ba ni shawarar in fara gwada X3 da injin yanka sitika a kan wata kwamfutar mai Windows 11 kafin in taɓa tawa, in kuma ɗora tsohuwar siga kafin sabuwa idan ranar ta zo. Na rubuta wannan a shafin ƙarshe na littafin. Fayil ɗin .reg yana cikin filas biyu, ɗaya a aljihun teburin shago ɗaya a gida, kuma takardun shaidar wata Islamiyya ta Jahun da muka kai maɗaba'a makon jiya sun buɗe a kwamfutarsu tun a dannawar farko.